Hantar Layyar Surajo

In kun taɓa shiga kasuwar Bukkuyum kuka ga wani dogon mutum da baƙin tabarau yana jan kare da sarƙa, jama'a na darewa suna tattare riguna, to kun ga Surajo. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce ta fari, shi ne auta, don haka abin da zan faɗa a kansa ni ke da ikon faɗinsa, wanda ya taya ni zaginsa kuma za mu ɓata. Amma faɗi kam sai na faɗa, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Sunana Rakiya, ina aure a Adabka. Mata Inna ta yi ta haifa, har dangin Baba suka fara yi mata gori, sai da aka fidda rai sannan Allah ya kawo namiji. Ranar da aka haifi Surajo kun ce sarauta aka ba gidanmu. Bai daɗe da kaciya ba Baba ya rasu, Inna ta riƙe mu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda matsar tunkuza. Mu mata mu ne daka, mu ne ɗibar ruwa, mu ne itace, shi kuwa Auta aikinsa ci. In aka yi sa'a aka yanka kaza, hanta da ƙundu nasa ne, ba mai ko kallonsu. In ya yi ɓarna muka kai ƙara, sai Inna ta ce, "Ku bar min yaro, maraya ne." Sai ka ce mu namu uban yana nan da rai.

Haka ya tashi, ba abin da ya taɓa ɗauka ya kai ƙarshe. An sa shi boko ya gudo, wai malamin ba ya ganin girmansa. An kai shi Gummi koyon ɗinki, ya ɓata wa mutane yadin Sallah aka koro shi. Inna ta sayar da tumakin da Baba ya bari ta saya masa babur ya yi kabu-kabu, damina ɗaya bai cika ba ya afka da shi cikin gulbi garin nuna gwaninta gaban 'yan mata. Shi ya fito, babur bai ƙara tashi ba.

Sai zinari ya fashe a ƙasar Anka. Kar wani ya yi muku ƙarya, Surajo bai taɓa shiga rami ba. Ina shi ina rami? Masu haƙa na can ƙarƙashin ƙasa, masu niƙa dutse na shaƙar ƙura a ƙauyen Abare, shi yana gindin bishiya da ɗan sikelinsa, ya saya nan ya kai wa manya can. Shekarun da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara a ƙauyukan nan, gida-gida ana zaman makoki, a lokacin ne shi ya fara ajiye tumbi. Ya dawo gida da kuɗi. Ya rushe zauren Baba ya yi ginin bulo, ya sa ƙofar ƙarfe mai zanen zaki, ya auri Sa'adatu, yarinya mai haƙuri wadda Allah ya jarabta da shi. Ɗakin Inna na ƙasa dai yana can ƙuryar gida yadda Baba ya bar shi, kullum za a gyara shi bayan Sallah.

Mu 'ya'yanta mata ba irin roƙon da ba mu yi ba ta dawo wurin ɗaya daga cikinmu. Ni na fi kowa naci, don na ga yadda take ramewa. Amsarta ɗaya ce kullum.

"Ke, ina da ɗa namiji in tahi gidan suruki? Mi za a ce? Ɗakin da ubanku ya aje ni, nan za a ɗauki gawata. Auta shina riƙe da ni, ban rasa komi ba."

Duk wanda ya san irin tsofaffinmu ya san ba wasa take ba. Inna ba ta taɓa cin abinci a gaban maigidana ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, in ta hango shi a hanya sai ta ratse. Zama a gidansa a wurinta tsiraici ne. Abin da ya rage mata a duniya ke nan, ta zauna ɗakinta ta ce ɗanta na riƙe da ita, mutane su yarda. Ni kuwa ina gani Surajo yana ta tsinke wannan ɗan zaren da hannunsa, ita tana ƙullawa.

Kare ya shigo gidan ne ta hanyar kwaikwayo, kamar komai na Surajo. Ya je Gusau kai kaya gidan wani Alhajin zinari, ya ga irin karnukan nan na Turawa masu tsayayyun kunnuwa, ya ga yadda baƙi ke maƙalewa jikin bango in za su shiga. Shi ke nan, barci ya ƙaurace masa. Bai huta ba sai da ya sayo nasa, aka kawo shi a kujerar gaban mota, ya raɗa masa suna Kwamanda. Ya sa aka gina masa ɗaki na bulo da rufin kwano da daɓen siminti, dab da ɗakin Inna mai yoyo. Wai tsaro ne. Na ce masa mutanen da ke zuwa bisa babura da bindigogi, su ne za su ga kare su juya? Ya ce ni ƙauye ya cinye ni.

Kare dai ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Labbo, Bafulatanin da ke kiwo bayan gonarmu, karnukansa tsaki suke ci da ƙanzo da abin da suka kama a daji, kuma ba ɓarawon da ya isa ya kusanci garkensa. Mafarauta ma in sun yi kamu sukan jefa wa kare 'yan kayan ciki, ladan gudunsa. Wanda ya sayar wa Surajo da Kwamanda shi ma abin da ya gaya masa ke nan, a riƙa ba shi 'yar hanta kaɗan sa'i-sa'i, a haɗa da sauran abinci. To kunnen Surajo hanta kawai ya ji. Sauran maganar ta bi iska.

Ya je wurin Hudu mahauci ya kama hanta gaba ɗaya. Ta sa, ta rago, ta akuya, duk abin da aka yanka ranar, hantar ta Kwamanda ce. Jama'a, ku ji fa! Mai jego ta aiko a saya mata, a ce an kama. Wanda aka sallamo daga asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa ya nemi hanta, ya zo da sandarsa, a ce an kama. Wa ya kama? Kare. Hudu da bakinsa ya gaya mini kunya yake ji, har ɓoye tiren yake ƙarƙashin tebur, amma ciniki ciniki ne, shi ma da iyali. Shi kuwa gogan sai ya zo da tabarau, ya tsaya inda kowa zai gani, ya ɗaga murya ya ce, "Hudu, ina kason Kwamanda?" Abin da ya saya ke nan da kuɗinsa, a juyo a dube shi.

A gida Sa'adatu ke dafa ta, ba gishiri ba yaji, yana tsaye a kanta kamar mai gadin tukunya. Ƙamshin ya cika gidan, ya shiga ɗakin Inna. Inna kuwa haƙoranta sun zube tun tuni, nama in ba hanta ba ba ta iya taunawa, sai dai ta tsotsa ta ajiye. Tana zaune da tuwon dawa da miyar kuka, kare na bayan bangonta yana lasar kwano. Wata rana Sa'adatu ta kasa daurewa, ta yanki 'yar mitsitsiya ta sa gishiri ta kai mata a ɓoye. Inna ta dubi abin ta tambaye ta, "Shi yac ce ki kawo?" Yarinyar ta sunkuyar da kai. Inna ta tura mata kwanon ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, amma ba ni cin sata a gidan ɗana."

Sa'adatu ce ta ba ni wannan labarin da na zo ganin gida. Na sami Surajo a ƙofar gida bisa farar kujera, 'yan shan shayinsa na kewaye da shi, na kira shi ciki don kar in kunyata shi gaban mutane, ko da yake bai cancanci wannan ba.

"Surajo, ba ka jin tsoron Allah? Tsohuwar da ta hana cikinta ta ba ka, ita ke shaƙar ƙamshi kare na ci?"

"Yaya, ke ba ki san karen ga ba. Ba irin na su Labbo ba ne. In bai ci hanta ba zuciyarshi mutuwa take."

"Taka zuciyar fa, mi ya kashe ta?"

"Inna ta ce miki tana jin yunwa? Buhun dawa nawa ke cikin gidan ga?"

Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga muryar Inna daga ɗaki. "Ke, ki bar min yaro. Kin zo ganina ko kin zo tada min gida?" Na shiga ina huci. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta rage murya ta ce, "Waccan hantar kasuwa ce, ta kowa da kowa. Tawa tana nan tahe ranar Layya. Wagga kam bai taɓa mantawa ba."

Gaskiyarta, kuma dole in yi bayanin wannan don a gane. A gidanmu tun zamanin Baba, ranar Babbar Sallah Inna ba ta sa komai a bakinta sai an yanka rago an kawo mata hantarsa. Mai gida da hannunsa yake kawowa. Ta gasa ta a kaskon garwashi a ƙofar ɗakinta, ta barbaɗa gishiri da yajin da ta daka da kanta, ta yi bismilla ta fara ci, sannan matan unguwa su shigo gaisuwar Sallah ta gutsura wa kowace 'yar ƙanƙanuwa. Shekarun da ba mu da halin Layya bayan rasuwar Baba, Inna rufe ƙofa take ranar, ta ce kanta ke ciwo. Da Surajo ya fara yanka, al'adar ta dawo, Inna ta dawo mutum. Duk wulaƙancin shekara da wannan farantin guda take wanke shi. Matan unguwa su ci su ce, "Allah shi yi ma Surajo albarka," ita kuwa ta yi ta murmushi da dasashi har la'asar.

To, ana saura 'yan makonni Sallah, Kwamanda ya kwanta. Wuyansa ya sandare, ba ya iya waiwaye sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Tafiya yake ɗaɗɗage kamar tsoho mai sanyin ƙashi, in an taɓa shi ya yi kuka, abinci ma ya daina ci. Surajo ya rikice. Inna ta sha kwanciya da zazzaɓi a gidan nan, iyakarsa ya aiko da ƙwaya daga kemis, amma a kan kare mota ya ɗauka ya je Gummi ya ɗauko likitan dabbobi. Likita ya duba, ya tambayi abin da ake ba shi, da ya ji sai ya riƙe baki. Ya ce hantar ce ta yi masa yawa, abin da ake ba kare kaɗan-kaɗan an mai da shi tuwonsa na safe da rana, a daina ba shi ko ƙanƙani. Surajo ya biya shi ya sallame shi, yana juya baya ya ce, "Ji min mutum. Yaushe abu mai kyau ya taɓa yin yawa? Bai dai san aikinshi ba."

Wanda ya san aikinsa, a wurin Surajo, shi ne Jibo. Jibo tsohon mafarauci ne da rabonsa da daji tun muna 'yan mata, yanzu farautarsa ɗaya ce, kofin shayi a ƙofar gidan masu kuɗi. Shi ya zagaya karen yana kaɗa kai, ya ce wannan kambun baka ne, bakin mutanen kasuwa ne ya kama shi, ba aikin allura ba ne. Maganinsa kuwa ɗaya, hantar ragon Layya, da ɗuminta, kafin wani mahaluƙi ya ɗanɗana, don ita ce mai albarka. Sa'adatu na bayan ƙofa ta ji. Ta rasa wanda za ta gaya wa, ta yi ta addu'a Allah ya sa mijinta bai kai can ba. Da ta san shi kamar yadda na san shi, da ba ta wahalar da kanta ba.

Na iso ranar jajibere ban san komai ba. Da safe Inna ta yi wanka, ta sa atamfar da muka haɗa muka ɗinka mata, ƙafafunta sun sha lalle, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙofar ɗaki. Ta hura garwashi a kasko, ta jera gishiri da yaji da 'yar wuƙarta. Na kawo mata koko ta ce in ɗauke, na manta ranar yau ce? Tana ta fifita garwashin tana tambaya ko an sauko daga Idi.

Aka sauko. Rago ne babba, fari, mai ƙaho murɗaɗɗe, wanda Surajo ya yi kwana da kwanaki yana ɗaure shi a waje don a gani. Aka yanka, Hudu ya zo ya feɗe, ana gyara itacen da za a soke shi a jera gefen wuta. Ina tsaye ina riƙe da roba ina karɓar kayan ciki. Hudu ya ciro hantar, jawur, tana tururi, ya ɗora a faranti ya miƙa wa Surajo, har yana cewa, "A kai ma tsohuwa, a ce ta sa muna albarka." Surajo ya karɓa ya nufi ƙuryar gida. Na ga Inna ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, ta miƙo hannu biyu.

Ya wuce ta. Ko kallonta bai yi ba. Ya buɗe ɗakin kare ya durƙusa, Surajon da rabon da in ga gwiwarsa a ƙasa gaban Inna tun bai yi kuɗi ba, ya ajiye farantin yana shafa kan dabba yana lallashi, "Ci mana, Kwamanda. Daure ka ci, ka ji?" Hannun Inna na nan a miƙe. Sai a hankali ta mai da su bisa cinyarta.

Karen ya shinshina, ya lasa, ya ja hantar da haƙori ta faɗo ƙasa, ya birkita ta cikin ƙura, sannan ya kwanta ya rufe ido. Bai ci ba. Surajo ya yi lallashin duniya ya ƙi. Da ya gaji sai ya tsaya yana dube-dube, kamar yanzu ya tuna akwai mutane a gidan. Ya ɗauki hantar, ya jawo buta ya ɗauraye ta, ya yanke gefen da haƙori ya taɓa ya yar, ya mai da sauran a faranti ya miƙa wa Sa'adatu.

"Ungo, gasa ma Inna."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san lokacin da robar hannuna ta faɗi ba. Abin da na faɗa masa ranar ba zai maimaitu ba, na kira shi da sunayen da ban san na iya ba. Ya tsaya yana kallona da mamaki, wallahi da mamaki, wai mi ya yi? Ai ya wanke. Ai karen bai ci ba. Ai ga ta nan kusan duka. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, da gangan ya yi ma da sauƙi, amma shi har zuciyarsa bai ga laifi ba.

"Ke!" Inna ce. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma na yi shiru. "Ranar Sallah ce. Maƙwabta na ji."

Sa'adatu na tsaye da faranti, hawaye na ɗiga a kan hantar. Inna ta dube ta ta ce, "Mai da mishi, ɗiyata. Ki ce na gode." Ta ɗauki murfin tukunya ta kife a kan garwashin.

Ba a jima ba sai ga sallama, Lauratu da Amariya, tsofaffin ƙawayenta, da wasu matan unguwa a bayansu, kowa da sabon zane. Na duba na ga Inna ta sa yatsa a 'yar kwalbar man shanunta ta shafa a leɓe, ta goge da gefen zane sama-sama.

"Barka da Sallah, uwar Surajo! Ina rabonmu?"

Inna ta yi dariya har da tafa hannu. "Kun makara! Ta bana taushi gare ta, na fara ci ban san sa'ad da na cinye ba. Ku yahe min, kwaɗayin tsufa ne."

Suka yi ta yi mata tsiya, wai ta zama kura, wai baɗi tun asuba za su zo su tsare ta. Amariya ta ce, "Ai ɗa ya yi, Allah shi ba mu irin naki." Inna ta ce amin. Da bakinta ta ce amin, ina zaune ina kallo. Na tashi na shige ɗaki don kar su ga fuskata.

Har suka tafi ba ta sa komai a cikinta ba. Sai bayan azahar na dama fura na kai mata, ta kurɓa kaɗan ta ajiye. Ta daɗe tana kallon bangon ɗakin, wurin da ruwa ya zana. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Halan maigidanki ba shi jin nauyi in aka ƙara mishi baki ɗaya?"

Shekara da shekaru ina jiran wannan maganar, da ta zo kuma ban ji daɗin komai ba. Na ce, "Inna, shi ya fi ni so." Ta ce to, kar in gaya wa kowa.

Washegari da hantsi, ana shirin rabon nama, ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Ba su da yawa. Ta aika wa Lauratu cewa za ta raka ni Adabka ganin jikoki, kwana biyu ta dawo. Na kira masu kabu-kabu. Surajo na ƙofar gida shi da Jibo, sun fito da karen shan hantsi, sun shimfiɗa masa buhu. Da ya ga ƙunshin ya ce, "A'a, Inna, ina zuwa? Ba a ko raba nama ba."

Inna ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi abin da ke kwance bisa buhun.

"Allah shi ba mai jiki lahiya," ta ce. Ta kama kafaɗata ta hau babur.

Ya ce amin. Na rantse da Allah ya ce amin, har da na gode.

Karen bai kai ƙarshen damina ba ya mutu. An ce Surajo ya yi kwana biyu bai fita ba, 'yan shayi suna zuwa yi masa jaje. Jibo ya ce da ya ci hantar da ya tashi, ƙin cin ne ya kashe shi, Surajo ya yarda. Ya koma Gusau ya sayo wani, ya fi na farkon girma, Hudu kuma ya ci gaba da ɓoye tire ƙarƙashin tebur. Ɗakin Inna an zuba buhunan siminti a ciki.

Ranar da muka isa Adabka, maigidana ya fito da gudu zai karɓi kaya. Inna ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe tsaye a bakin zaure kamar ƙafarta ta ƙi. Sai da ya bar gidan gaba ɗaya sannan ta shiga. Har yau in yana tsakar gida ba ta fitowa ko alwala, sai ta jira. Ta yi ƙiba kaɗan, jikoki na hawa jikinta, ranar kasuwa maigidana ba ya dawowa ba tare da 'yar hanta a takarda ba. Tana karɓa ta yi godiya, ta raba wa yara.

Damina biyu ke nan. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ganin jikoki ta zo, ta kusa komawa, Auta na gyara mata ɗaki ne. Ba ta yarda a faɗi laifin Surajo a gabanta ba, ko ni. Ƙunshinta na nan a ɗaure a gefen gado, abin da take sawa kawai take cirewa. In aka yi sallama a ƙofar gida da muryar namiji, sai in ga ta yi sauri ta gyara ɗankwali ta kasa kunne ko Auta ne. Ranar nan mai sayar da gawayi ne.